Sabuwar ma'aikaciya a ɗakin rigakafi: abin da ya kamata ku sani

Uwar da ta goyo jaririnta daga Dagumawa a ƙasar Wudil zuwa ɗakin rigakafi gabanta yakan faɗi idan ta ga sabuwar ɗauka ce za ta yi allurar, ga kuma babba tsaye a kanta. Wata har takan ce, "Don Allah Anti, ke ki yi masa." Ban ga laifinta ba, ɗa ne. Sai dai wannan tsayuwar da babbar ta yi ita ce kariyar jaririn.

A asibitocin sha-ka-tafi na ƙasar Wudil da wuya ka tarar da likita a zaune. Aikin yana wuyan ma'aikatan lafiya na al'umma, masu karatun shekara 3, da ƙananansu masu shekara 2. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin ɗora musu wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozomar asibiti. Kaya ya ƙaru, kuma hannun sabon shiga ba ya faɗawa sai a gefen wanda ya daɗe yana yi.

Ku lura da abin da ke gudana. Babbar za ta ɗaga kwalbar maganin ta ce, "Ƙanwata, duba tambarin nan." Ɗan murabba'i ne a cikin da'ira, idan ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya lalata maganin, ba a amfani da shi. Za ta nuna mata ma'aunin firji, kada ya sauka ƙasa da digiri 2 ko ya haura 8. Maganin ƙyanda kuwa, da zarar an dama shi, bayan awa 6 zubarwa ake yi, komai yawan abin da ya rage. Allurar tarin fuka ta fi wuya: cikin fatar damtse kaɗai take shiga, har ta tashi ɗan ƙululu. A nan babbar takan riƙe hannun ƙaramar da nata.

Abin da ke sosa mini rai shi ne babbar da ke tsawa a gaban jama'a. Yarinyar da aka kunyata sau ɗaya takan daina tambaya, ta koma ɓoye kuskurenta, kuma a jikin 'ya'yanmu zai fito. Gyara a keɓe ya fi.

Ke kuma uwa, kina da damar tambaya: allurar mece ce, yaushe zan dawo? Ki tsaya har a rubuta miki a kati. Bayan ta haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sannan ta ƙyanda a wata 9.