Abin da Ke Raba Tsaba da Ƙaiƙayi a Masussukar Kadawa

Ruwan da yake shayar da gonakin Kadawa, tun daga madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974 har zuwa filayen Kura da Bunkure, ba inji ne yake tura shi cikin babbar magudana ba. Gangare kawai yake bi, bisa wani ƙarfi da Allah Maɗaukaki ya ɗora wa ƙasa na jan kowane abu zuwa gare ta. Ƙa'idar wannan ja kuwa ita ce ba ya fifita babba a kan ƙarami: duk abin da aka saki daga sama, muddin babu abin da ya tare shi, kowace daƙiƙa sai saurinsa ya ƙaru da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa, ko dutse ne, ko ƙwayar gero.

Mai karatu zai ce ai ido ya ƙaryata wannan magana, kuma yana da hujja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka da kaka, bayan an buge shinkafa, ya ga yadda mai shiƙa takan fara sakin ɗan hannu guda domin ta gane inda iska ta nufa, sa'an nan ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta karkata ta sannu a hankali, sai tsaba ta zubo kusa da ƙafafunta, ƙwayoyin da ba su yi ido ba su sauka gaba kaɗan, ƙaiƙayi kuma ya yi ta shawagi har ya wuce can nesa. In iska ta ɗauke, sai ta sauke ƙwarya ta jira, don ta san aikin ba zai yiwu ba.

Irin wannan gani ne ya sa Aristotal, shugaban hukama'un Yunan, ya yanke hukunci cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa gwargwadon nauyinsa, aka kuwa yi ƙarnoni ana bin fatawarsa. Daga cikin waɗanda suka yi bahasi a kan mas'alar akwai Ibn Bajja na Andalus, wanda ya rasu wajen 1138, shi ne ya ce iska ko ruwa tauye tafiyar abu kawai suke yi, kuma da za a kawar da su, da abin ya tafi bisa saurinsa na asali. Galileo na Italiya ya kafa hujja da gwaji da lissafi a littafinsa na 1638, a 1971 kuma wani ɗan sama-jannatin Amurka, David Scott, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare.

Ashe iska ce mai rabawa. Abu yana ƙara sauri, tana ƙara turje masa, har a kai wani matsayi da turjiyar za ta yi daidai da nauyinsa, daga nan sauri ya tsaya a haddinsa, ba ya ƙaruwa ko da tafiyar ta yi tsawo. Abin da yake da faɗi alhali ba shi da nauyi, kamar ƙaiƙayi, nan take yake isa haddinsa. Dunƙulalle mai nauyi kuwa sai ya yi nisa yana faɗuwa kafin ya isa nasa haddin. A nan akwai rahama babba wadda ba kasafai ake lura da ita ba: ɗigon ruwan sama mafi girma ba ya wuce kimanin mita 9 a daƙiƙa, amma da babu iska, wanda ya taso daga tsayin kilomita ɗaya zai iso da gudun kusan kilomita 500 a awa, kuma babu irin shinkafar da zai rayu a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne feshi, domin ƙa'idar da take taimakon mai shiƙa ita ce take cutar da mai feshi in ya gafala. Saurayi yakan goya injin feshi da tsakar rana, ya matse bakinsa har magani ya fito kamar hayaƙi, yana zaton hakan ne gwaninta, alhali ɗigon da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba yana ɗaukar wajen daƙiƙa 2 kafin ya sauka daga tsayin rabin mita, a cikin wannan ɗan lokaci kuwa iska matsakaiciya ta isa ta kai shi mita 5 ko 6, in ma zafin rana bai ƙafar da shi a hanya ba. A wuri irin Kadawa, inda kunya ɗaya ce take raba gonar wannan da ta wancan, maganin ciyawar da aka nufa da shinkafa sai ya sauka a kan tumatirin maƙwabci, ko cikin magudanar da dabbobi suke sha, ko a huhun shi mai feshin. Ɗigo mai kaurin rabin milimita, wanda yake sauka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, ba ya samun damar yin wannan yawo. Don haka ya kamata a buɗe bakin inji ɗigo ya yi kauri, a sunkuyar da shi kusa da shuka, a kuma yi aikin da safe kafin rana ta yi zafi, iska ta yi ƙarfi.