Ba tsuntsu ba ne: ƙwaron da ke shan fure yana tsaye a iska

A ƙarshen damina, lokacin da furanni suka buɗe a garake da tsakar gidaje, akan ga wata ƴar halitta da ba ta kai tsawon yatsa ba ta tsaya cak a iska gaban fure, ta zura dogon baki, sannan ta ɓace kamar ƙiftawar ido. Wanda ya saba ganin bidiyon tsuntsun nan hummingbird a Facebook zai rantse shi ne. To amma wannan tsuntsu a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa, babu shi a Nijar ko a wata ƙasa ta Afirka.

Abin da ake gani ɗan uwan faɗa-wuta ne, ƙwaron nan mai kewaya fitila da dare, sai dai wasu daga danginsa da rana suke fita. Masana na kiran dangin Sphingidae. Ɗaya daga cikinsu, Cephonodes hylas, ya bazu a Afirka kudu da Sahara. Jikinsa kore-kore ne, fikafikansa kuwa garau kamar gilashi, domin ƙurar da ke kansu tana kakkaɓewa da zarar ya fara tashi.

Gane shi ba wuya in an natsu. Yana da ƙahonni biyu sirara a ka, ƙafa shida da fikafikai huɗu. Abin da ake zaton baki ne, bututu ne da yake naɗewa in ya gama sha. Wutsiyar ma tukkun gashi ce kawai. Tsuntsun da ke shan furanni a nan shi ne sha-kauci, mai lanƙwasasshen baki, wanda yawanci sai ya sauka a reshe yake sha.

Ga mai garka, batun ya wuce kallo. Ƙwaron yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, yana taimaka wa tsiro ya yi ƴaƴa. Amma ƙwansa ne ke zama ƙatuwar tsutsa mai ƙaho a gindi. Tsutsar Cephonodes ganyen gauɗe da na kofi take ci, yayin da ta ɗan uwansa Agrius convolvuli, mai fita da magariba, takan yi ɓarna a dankali.

Idan tsutsotsin ba su yi yawa ba, tsince su da hannu ya wadatar, ƙahon ba ya harbi. Fesa magani kan furen da ya buɗe kuwa har zuma yake kashewa.