Makin Kimiyya da Ƙofar Karatun Gashin Ƙashi a Amurka

A Amurka, duk mai son zama likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi sai ya gama digirin farko, sannan ya nemi gurbin digirin DPT na kimanin shekara uku. Jami'ar Creighton da ke Nebraska ce ta fara shi a 1993, kuma tun 2016 hukumar CAPTE mai tantance kwasa-kwasan ba ta amincewa da digirin da bai kai shi ba.

Ko tarihi ɗalibi ya karanta a digirin farko, babu laifi. Inda ake zuba ido shi ne makinsa a ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, bayoloji, kemistiri da fiziks, sai ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam. Makarantu da dama sun sa 3.0 cikin 4.0 a matsayin mafi ƙarancin matsakaicin maki, amma waɗanda ake ɗauka galibi suna wajen 3.5.

Makarantun ma a matse suke. CAPTE na buƙatar aƙalla kashi 85 cikin ɗari na waɗanda suka yaye su ci jarrabawar lasisi ta NPTE, kuma makarantar da ta yi ta gazawa tana iya rasa amincewar hukumar. Saboda haka kwamitin ɗaukar ɗalibai yake neman alamar wanda zai jure karatun jijiyoyi da fiɗar gawa a shekarar farko. Da makarantu da yawa suka daina neman jarrabawar GRE bayan annobar korona, sai nauyin ya ƙara komawa kan makin kimiyya.

Wahalar tana kan wanda ya yi tuntuɓe da wuri. Manhajar PTCAS, wadda ake neman gurbi ta cikinta tun 2008, tana lissafa kowane zama da ɗalibi ya yi a darasi, ko da jami'arsa ta share na farkon. Wanda ya samu C a kemistiri yana ɗan shekara 18, yana aikin dare don biyan kuɗin makaranta, ya dawo ya samu A, matsakaicinsa B ne. Maimaitawar ma da kuɗi ake yin ta. Wanda kuma ya daɗe da barin aji zai tarar wasu makarantu ba sa karɓar darasin da ya wuce shekara bakwai ko goma.

Tsanantawa a ilimin sassan jiki tana da hujja, domin shi ne ginshiƙin sana'ar. Amma makin fiziks ba ya nuna wanda zai iya lallashin tsohuwar da ta samu shanyewar ɓarin jiki har ta sake takawa, kuma ana asarar irin waɗannan masu haƙuri tun kafin a kira su ganawa. Shi ya sa wasu makarantu suke ɗaukar maki mafi girma a darasin da aka maimaita, wasu kuma suna ba darussan shekara biyun ƙarshe fifiko, tare da duba sa'o'in da mai nema ya yi a asibiti ƙarƙashin likita mai lasisi.