Likitan Haƙora Da Ya Kai Iceland Gasar Cin Kofin Duniya

Masu sha'awar tamaula da yawa ba za su manta da ranar 22 ga watan Yuni na 2018 ba, ranar da Ahmed Musa ya zuba wa Iceland ƙwallo biyu a birnin Volgograd na ƙasar Rasha. Amma kaɗan ne suka kula da mutumin da ke tsaye a bakin fili yana jagorantar waɗanda aka cinye ɗin, wato Heimir Hallgrimsson, wanda asalin sana'arsa gyaran haƙora ce.

An haife shi a 1967 a tsibirin Heimaey, wani ɗan tsibirin masunta a kudancin Iceland, inda dutse ya yi aman wuta a 1973 har aka kwashe mazauna wurin baki ɗaya. A ƙungiyar garinsu, ÍBV, ya yi yawancin wasansa, kuma gaskiyar magana bai yi wani suna ba. A wancan zamani ƙwallo ba ta ciyar da mutum a Iceland, sai ya yi karatun likita, yana duba marasa lafiya yana kuma koyar da 'yan wasa, mata da maza.

A 2011 aka naɗa shi mataimakin Lars Lagerbäck, mutumin Suwidin da aka ɗauko don ya gyara ƙungiyar ƙasa. Nan ne ya ɓullo da wata al'ada da, a ganina, ta fi kome bayyana halinsa. Kafin kowane wasan gida, sai ya tafi wata mashaya a Reykjavik inda magoya baya kan taru, ya faɗa musu sunayen waɗanda za su buga da dabarar da aka shirya, tun 'yan jarida ba su ji ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada maganar ta fita. Da farko mutane ƙalilan yake tararwa, daga baya wurin ya riƙa cika maƙil. A Ingila ko Italiya, mai koyarwa da ya yi haka ya yi sallama da aikinsa.

Daga 2013 suka riƙe ƙungiyar su biyu, matsayi ɗaya. A gasar Turai ta 2016 suka fid da Ingila da ci 2 da 1, kafin Faransa ta tare su da 5 da 2. Lagerbäck ya tafi, Heimir ya ci gaba shi kaɗai, ya kai ƙasar da a lokacin mutanenta ba su kai 350,000 ba gasar duniya, abin da wata ƙasa mai ƙarancin jama'a haka ba ta taɓa yi ba kafin lokacin. Suka yi kunnen doki da Ajantina, 1 da 1, mai tsaron gidansu ya ture bugun fenariti na Messi. Sai Nijeriya ta biyo baya.

Bayan gasar ya ajiye aikin. Ya koyar a ƙungiyar Al-Arabi ta Qatar, ya riƙe Jamaica daga 2022, sannan a 2024 Ireland ta ɗauke shi.