Alamar MDT da matsalar gane gurbin da aka sauya

Mu ɗauka ma'aikacin ofishin magajin garin Tsibiri ya buɗe bayanin haifuwar wani yaro a allon na'ura domin ya gyara sunan uwa. Gurabe kusan ashirin ne a gabansa, amma ɗaya kawai ya taɓa. Ta yaya firogiram zai gane wanne ne?

Kamfanin IBM ya ba da amsarsa tun 1971, da allon 3270. Kowane gurbi (champ a faransanci) yana da harafin sifa a gabansa, a cikinsa kuma akwai bit ɗaya da ake kira MDT. Da zarar an buga wani abu a gurbin, bit ɗin ya tashi, kuma guraben da alamarsu ta tashi su kaɗai ake aika wa babbar na'ura. Dalilin tattali ne: allo mai layi 24 da harafi 80 yana ɗauke da harafi 1920, layukan waya na lokacin kuwa ba su da sauri. Allon 5250 na AS/400, wadda ta fito a 1988, shi ma haka yake aiki. Mai rubutu da harshen RPG yana samun labarin ta kalmar CHANGE cikin DDS, ko ta umarnin READC idan jerin layuka ne.

Sai dai a lura, MDT shaidar bugu ce kurum. Idan ma'aikacin ya sake buga 1994 bisa 1994, alamar za ta tashi alhali babu abin da ya sauya, kundin gyare-gyare kuma ya ɗora masa gyaran da bai yi ba. Akasin haka ya fi muni a ganinmu. READC yana sauke alamar layin da ya karanta, don haka idan firogiram ya ga kuskure ya mayar da allon ba tare da SFLNXTCHG ba, ma'aikacin ya sake danna Entrée, ba za a sake duba layin ba.

Saboda haka ya kamata a ajiye kwafin bayanin kafin a nuna allo, a gwada shi da abin da ya dawo, gurbi bayan gurbi. Kafin a rubuta kuma a sake gwada kwafin da abin da ke cikin faifai, domin mai yiwuwa wani ma'aikaci a tebur na kusa ya riga ya gyara bayanin yaron nan.