Tsohuwar Suwaita Tana Ceton 'Yan Awaki Daga Ɗarin Hunturu

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sau da yawa sukan manta da irin ɗarin da ake sha a gida daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, domin hunturun da ke isa bakin teku ɗan hazo ne na 'yan kwanaki. A Kano da Katsina kuwa, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos da tsaunin Mambila har akwai daren da yakan yi ƙasa da 10. Mutum yana da bargo, yana da wutar jin ɗumi, amma ɗan akuyar da aka haifa da tsakar dare a bayan ɗaki ba shi da ko ɗaya.

Akuya da tunkiya sukan yi wata biyar da ciki, watau kamar kwana 150. Saboda haka wadda aka yi wa barbara da damina, cikin Yuli ko Agusta, a tsakiyar hunturu za ta haihu. Kowa kuma ya sani awaki da tumakin da ke cikin gidajen Hausawa yawancinsu na mata ne. Da su ake sayen magani in ciwo ya zo, da su ake haɗa wa yarinya kayan ɗaki, daga cikinsu ake fid da ragon suna da na layya. In mace ta wayi gari ta tarar da 'yan akuyarta biyu sun sandare a turke, to, wahalar wata biyar ta tafi a banza, dusar da ta ciyar kuma ba mai biyanta.

Abin da ke kashe su

Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, takan haifi tagwaye a kai a kai, kowanne kuwa bai cika wuce nauyin kilo 2 ba. Ƙaramin jiki ya fi saurin hucewa, kamar yadda kunu ya fi saurin yin sanyi a ludayi bisa ga ƙwarya. Ga shi kuma a jiƙe yake faɗowa, iskar hunturu tana busar da ruwan tana tafiya da ɗumin jikinsa.

Zafin jikin lafiyayyen ɗan akuya ko ɗan tunkiya yana tsakanin digiri 39 da 40. Allah ya yi masa wani ɗan kitse wanda jikinsa ke ƙonawa don ya sami ɗumi, amma na 'yan sa'o'i ne kawai. In kitsen ya ƙare bai sha nono ba, sai zafin ya sauka ƙasa da 37, ya kasa tsayawa, ya kasa kama nono, daga nan sai mutuwa. Mai kiwo yana iya ganewa tun da wuri: ya sa yatsa a bakin ɗan, in ya ji bakin da sanyi, lalle ɗari ya kama shi.

Yadda ake ɗinka rigar

Makiyayan Ingila da Amurka, inda ake haihuwar tumaki cikin ƙanƙara, har sayen riguna na musamman sukan yi wa 'yan tumaki da maruƙa. Talakan Arewa ba ya bukatar wannan. Tsohuwar suwaita ɗaya tana fid da riga biyu. Sai a yanke hannunta daga kafaɗa, bakin hannun mai roba ya zama wuya, a huda ƙofa biyu daga ƙasa inda ƙafafun gaba za su fito. Ta ulu ta fi kyau, domin ko ta ɗan yi laima tana riƙe ɗumi, ta auduga kuwa da ta jiƙe sai ta zama sanyi. Maraƙi shi kuma a yafa masa tsohon bargo ko buhun algarara, a ɗaure a ƙirji da ƙyalle mai faɗi.

Akwai ƙa'idodin da in an ƙetare su rigar za ta zama cuta. Kada a sa ta sai uwar ta lashe ɗanta, an kuma goge shi da tsumma ya bushe sarai. A bar wutsiya da gindi a buɗe, gama da sansana nan ne uwa take gane ɗanta, in ta ji baƙon wari sai ta tunkuɗe shi ta hana shi nono. Domin haka ma a wanke rigar a shanya ta, ƙanshin turare ya fita. In namiji ne a rage tsawonta ta wajen ciki don kada fitsari ya jiƙa ta. A cire maɓallai da zare mai lilo, domin akuya ba abin da ba ta taunawa. Da hantsi ya dubi ludayi a tuɓe rigar a shanya, da magariba a mayar. Bayan kwana uku zuwa mako guda, in ɗan ya yi ƙwari yana tsalle, ya gama da ita.

Riga ba ta maye gurbin nono

Riga tana tsare ɗumin da ke jiki ne, ba ta haifar da sabo. Abin da ke hura wutar jiki shi ne dakashi, watau nonon farko mai kauri, wanda ya kamata ɗan ya sha cikin sa'o'i shida na farko. In uwar ta ƙi tsayawa a riƙe ta, in ɗan ya kasa kamawa a tatsa a ba shi kaɗan kaɗan. Amma wanda ya riga ya kasa ɗaga kansa kada a ɗura masa, zai shaƙe. A fara naɗe shi a bargo a kai shi ɗaki mai ɗumi, sa'an nan a nemi malamin dabbobi. Har wa yau a kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a turken. Hura wuta kusa da danga cikin hunturu kuwa ganganci ne, gobarar wannan lokaci ba ta da daɗin kashewa.

Wannan magana ta shafi mazauna Kudu ƙwarai. Da wuya a sami ɗan Arewa a Agege ko Sabon Badun wanda ba shi da tsohuwar rigar sanyi a ƙasan akwati, wadda ya zo da ita daga gida, zafin Kudu ya hana shi sawa. A kasuwannin gwanjo irin su Katangowa da Yaba kuma, suwaita mai huji ba ta da mai taya ta sai da araha. Motocin da suka kawo shanu da albasa kullum suna komawa Arewa. Wanda zai aika wa mahaifiyarsa ko maiɗakinsa saƙo, ya ƙulla irin waɗannan tsummokara a ciki tun watan Nuwamba, kafin iska ta juya, ya kuma gaya musu yadda za su yanka su. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.