Yaushe Ya Kamata A Kai Yaro Gidan Zu?

Duk wanda ya bi ta Titin Gidan Zu a Kano a kwanakin bikin Sallah, ƙarama ko babba, ya san irin cincirindon da ake yi a ƙofar gidan namun dajin nan da aka gina a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako. Yara ne ko'ina, kowa ya ci ado da kayan Sallah. Wasu suna hannun iyayensu, wasu suna goye, da yawa kuwa ba wani babba tare da su, sai wata 'yar shekara goma da aka danƙa wa ƙanne uku da kuɗin shiga. Irin wannan taro ake gani a sauran garuruwan da ke da gidan zu.

A cikin taron akwai jinjirin da ke sharar barci bai san inda aka kawo shi ba. Akwai ɗan shekara biyu da ke ta fizge hannu yana neman ya isa jikin keji. Akwai kuma ɗan shekara shida da ya ishi kowa da tambaya. To, wanne ne a cikinsu aka kawo a kan kari? Amsar ta rabu uku, domin kallo da lokacinsa, tunawa da lokacinta, taɓawa kuma da nata. Abin lura a nan shi ne, shekarun da yaro ke fara cin moriyar gidan zu, su ne kuma shekarun da ya fi kusa da hatsarinsa.

Gani Ya Kori Ji

Tun kafin a san gidan zu a ƙasar Hausa, gardawa suna yawo kasuwa kasuwa da kura da biri da maciji, yara na biye da su. Gidan zu mafi daɗewa da har yanzu ke aiki shi ne na Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda aka kafa a 1752. An kafa na Landan a 1828, kuma a cikinsa ne aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifaye na farko a 1853. A Nijeriya kuwa, na Jami'ar Badun ya samo asali daga 1948, Jos ta sami nata a shekarun 1950 a gefen gidan tarihi, kana aka ƙara mata da gandun namun daji a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk.

Yau daji ya ja baya ƙwarai. Zakunan da suka rage a dazuzzukan Nijeriya 'yan kaɗan ne, a wajajen Yankari da Kainji. Saboda haka yaron birni yakan ji labarin zaki da kura da giwa a tatsuniya, ya gan su a littafi ko a talabijin, amma ba inda zai ji gurnaninsu da warinsu, ya kuma gwada girmansu da nasa, sai a gidan zu. Ke nan zuwan yana da amfani. Sauran magana ita ce ta lokaci.

Jinjiri A Goye

Jariri sabuwar haihuwa ba ya ganin abu sosai sai wanda ke dab da shi, kamar santimita 20 zuwa 30, watau tazarar da ke tsakanin idonsa da fuskar uwarsa in tana ba shi mama. Sai ya kai kamar wata biyar kafin ya iya rarrabe launuka da kyau, ya kuma bambanta nesa da kusa. Zakin da ke kwance can ƙuryar keji, launinsa ya saje da ƙasa, ba kome ba ne a idon irin wannan yaro.

Banda rashin amfani, akwai abin gudu. A Nijeriya sai yaro ya cika wata tara ake yi masa allurar rigakafin ƙyanda, ita kuwa ƙyanda ta iska take bi, ba ta da wurin yaɗuwa kamar cunkoson yara. Haka kuma sanƙarau, wanda lokacinsa ke kamawa daga hunturu zuwa bazara. Sa'an nan ga zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Arewa yakan kai digiri 40 har ya zarce, jikin ƙaramin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi da saurin ƙarewar ruwa. Idan tilas ta sa aka zo da jinjiri domin yayyensa, to a zauna da shi a inuwa, a riƙa ba shi mama a kai a kai, a kuma sani cewa fitar ba tasa ba ce.

Daga Tatata Zuwa Yaye

Tsakanin wata tara da shekara guda yaro ke fara nuna abu da yatsa, sa'an nan ya waiwayo ya dubi uwarsa ya ga ko ita ma ta gani. Masana tarbiyyar yara suna ɗaukar wannan babbar alama, domin daga nan ne yaro ke soma raba kallo da wani, kuma ta wannan hanya sunayen abubuwa ke shiga kansa. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, watau dab da yaye, kalmomi kan yi yawa a bakinsa har ya fara haɗa su biyu biyu. Sunayen dabbobi da kwaikwayon kukansu suna cikin abin da yakan fara kamawa.

Wata malama a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Vanessa LoBue, ita da abokan aikinta sun buga sakamakon wani bincike a 2013. Sun sa yara daga 'yan wata 11 zuwa 'yan wata 40 a ɗaki mai kayan wasa masu ban sha'awa, da kuma ƙananan halittu masu rai a cikin keji ko gilashi, aka bar kowa ya nufi abin da ransa ke so. Sai aka ga yaran sun fi komawa ga masu ran, sun kuma fi yin magana da tambaya a kansu, har da lokacin da aka sa maciji da gizo-gizo a ciki. Wannan ya nuna cewa sha'awar dabba tana tare da yaro tun da wuri.

Saboda haka yaron da ya iya tafiya sosai, yake nuna abu da yatsa, yake kuma jin "tsaya" da "zo nan", ya isa a kai shi kallo. Ga yawancin yara wannan yakan faɗo ne a wajajen shekara biyu. Sai dai kada uba ya ji haushi in ya kai ɗansa gaban zaki, yaron ya juya ya bi ƙadangare da kallo. Abin da ke motsi kusa da shi, daidai tsayinsa, shi ke ɗauke masa hankali. Birai da tsuntsaye da jimina sun fi yi masa armashi a kan manyan namun da ke wuni suna barci. A bar shi ya daɗe inda ya ga dama, a gaya masa sunan abin, a kwaikwayi kukansa tare da shi. Keji biyar da aka tsaya aka yi hira a gabansu sun fi talatin da aka wuce a guje.

Game da tunawa kuwa, mafi yawan manya ba sa iya tuna abin da ya same su kafin su kai shekara uku zuwa uku da rabi. Wanda ke da halin zuwa sau ɗaya tak, musamman in sai an yi tafiya daga wani gari, gara ya jira yaro ya kai shekara huɗu. Wanda gidan zu ke kusa da shi ba ya bukatar jira, domin ko yaro ya manta ranar, kalmomin da ya koya suna nan.

Inda Hatsarin Yake

Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ɗan shekara biyu zuwa huɗu yana da ƙafar gudu da hannun hawa, jikinsa kuma ƙarami ne, yana shigewa ta inda babba ba zai zata ba, amma hankalin gane hatsari bai zo masa ba tukuna.

Ranar 28 ga Mayu, 2016, a gidan zu na Cincinnati a Amurka, wani ɗan shekara uku ya haura shinge ya faɗa ramin ruwan da ke kewaye da wurin manyan biran nan da ake kira gorila. Wani ƙato daga cikinsu mai suna Harambe ya riƙa jan yaron cikin ruwa, har ma'aikata suka harbe shi domin su ceci ran yaron. Kafin wannan, a watan Nuwamba na 2012, a gidan zu na Pittsburgh, wata uwa ta ɗora ɗanta ɗan shekara biyu a kan shinge domin ya ga kyarketai sosai. Yaron ya suɓuce ya faɗa, kyarketan suka hallaka shi. A gida Nijeriya ma, a watan Fabrairu na 2024, zaki ya kashe ma'aikacin da ya yi shekaru yana kula da shi a gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Naman daji ba ya sabo, balle ya san yaro.

Darasin a fili yake. Kada a ɗora yaro a kan shinge ko katanga, kome son a burge shi. In ba ya hange, a ɗauke shi a ƙirji, a ja baya kaɗan. Kada a bari ya zura hannu cikin keji ko ya miƙa wa biri gyaɗa, domin biri yana da wawura da cizo. Idan an yi cizon ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti.

Babban abin da ke bukatar gyara shi ne al'adar haɗa ƙananan yara da yayarsu a ce su je yawon Sallah. Yarinya 'yar shekara goma ita ma kallo ta zo yi, idonta yana kan jimina lokacin da ƙanenta ya sulale. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba yana bukatar babba guda wanda ba shi da wani aiki a ranar sai shi.

Akwai kuma batun tsoro. Ƙaramin yaro yakan dubi fuskar uwarsa kafin ya san ko abu na gudu ne. A gidaje da yawa da kura ake tsorata yaro in ya ƙi barci, to ranar da ya gan ta ido da ido ba shi da tabbacin cewa ƙarfen nan zai tare ta. In ya fashe da kuka, a janye shi, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya.

Taɓawa Sai Bayan Shekara Biyar

Dabba tana iya zama lafiya lau alhali kashinta da gashinta da shingen da take gogawa suna ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da E. coli. Ƙaramin yaro kuwa duk abin da ya taɓa, baki zai kai hannun. A 2009 mutum 93, akasarinsu yara, suka kamu da E. coli bayan sun ziyarci wata gonar shafa dabbobi a yankin Surrey a Ingila, cutar ta taɓa ƙodar wasu daga cikinsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar cewa yaron da bai kai shekara biyar ba kada ya taɓa kunkuru, ƙadangare, maciji, kwaɗo ko 'yan tsaki, kuma kada a shiga wurin dabbobi da bulumboti ko abinci.

Wani zai ce ai yaran Hausawa tare da awaki da kaji suke tashi. Gaskiya ne, amma gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, saboda haka wanke hannu da sabulu ya wajaba a gida da gidan zu baki ɗaya.

Gidan Kifaye

Manyan gidajen kallon kifaye ba su da yawa a wannan yanki, sai dai waɗanda tafiya ta kai su Dubai ko Cape Town su kan ci karo da su. Ta wajen ƙaramin yaro sun fi gidan zu sauƙi: akwai sanyi, akwai gilashi tsakaninsa da halittun, kifayen kuma masu launi ne, suna yawo a hankali dab da idonsa. Ɗan wata shida zuwa shekara guda ma yana iya jin daɗin kallon. Abin kiyayewa shi ne duhu da amon hayaniya, waɗanda kan firgita wasu yara, da kuma buɗaɗɗun kwatamai da ake barin mutane su sa hannu. Ruwan da bai wuce 'yan santimita ba ya isa ya kashe ƙaramin yaro, ba tare da an ji motsinsa ba. Wannan gargaɗi ya haɗa da tafkunan kiwon kifi da suka yawaita a unguwanni.

Ranar Zuwa

Ga ƙaramin yaro, ranar Sallah ce mafi munin zaɓi. A bari taro ya watse, a je wata ranar da hantsi, lokacin da rana ba ta yi zafi ba, namun kuma ba su kwanta ba. Sa'a guda ko biyu ta isa, a dawo kafin lokacin barcinsa. A ci abinci tun a gida, a riƙo ruwan sha da sabulu da hula, a sa masa takalmi rufaffe. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa masa a aljihu. In an dawo gida a tambaye shi abin da ya gani, ya ba kakarsa labari, domin maimaitawa ce ke zaunar da abu a zuciyar yaro.

A taƙaice, ɗan goye ya jira, wanda aka yaye ya je kallo hannunsa cikin na babba, ɗan shekara huɗu ya je ya dawo da labari, taɓawa kuwa sai an haura biyar. Zaki yana nan, ba inda za shi. Allah ya raya zuri'a, ya kiyaye ta.